Filin Mata: Agogo da Akushin Mazan Jiya

 

Maganarmu ta yau ta abinci ce, amma ba za mu ɗora tukunya ba. Za mu leƙa ƙasar Amurka ne, mu ga wani al'amari da likitoci ke ta juyawa game da mazan jiya, watau tsofaffin sojojinsu, waɗanda suka ji rauni a laka har jikinsu ya shanye. Abin da ya addabi da yawa daga cikin mutanen nan a yau shi ne ƙiba. Ɗaya daga cikin dabarun da ake dubawa dominsu ita ce a yanka wa mutum lokacin cin abinci: ya ci cikin awa 8 ko 10 na yini, sauran awoyin kuwa a rufe akushi, sai ruwa kaɗai.

Kada wata ta ce ina ruwana da sojan Amurka. Can ma, mafi yawan masu jinyar mazan jiya a gida mata ne, matansu da iyayensu da 'ya'yansu. Mai riƙe da ludayi kuwa, ko a wace ƙasa take, tana riƙe da rabin lafiyar majinyacinta.

Mece ce laka?

Duk wadda ta taɓa gyara ƙashin bayan rago ta ga wani farin abu mai taushi, kamar igiya, a cikin ramin ƙashin. To, ita ce laka. Haka take a jikin mutum. Ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, ita ce hanyar da saƙo ke bi tsakanin kai da sauran jiki. In harsashi ko haɗarin mota ko faɗuwa ya lalata ta, saƙo ba ya wucewa. In raunin a baya yake, ƙafafu su shanye. In a wuya yake, hannuwa ma su shiga ciki. Har wa yau mutum yakan daina jin zafi ko taɓi a ƙasa da wurin raunin, fitsari da bayan gida kuma su daina bin umarninsa.

Ba dukan mazan jiyan nan ne suka ji raunin a fagen fama ba. Da yawa bayan sun bar soja ne mota ta faɗi da su, ko suka faɗo daga bisa. Amma duk gwamnatinsu na duba su. Ma'aikatar da ke lura da tsofaffin sojoji a Amurka tana da manyan wuraren jinya 25 na masu ciwon laka, kuma kowace shekara akan kira mutum a duba shi tun daga kai har ƙafa.

Da da yanzu

A Yaƙin Duniya na Farko, na 1914 zuwa 1918, raunin laka kusan sammacin mutuwa ne. Babban likitan nan na Amurka, Harvey Cushing, ya ba da labari cewa kimanin 80 cikin 100 na sojojin da suka ji irin wannan rauni sun mutu cikin 'yan makonni. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne suka fi kashe su.

A 1944 gwamnatin Ingila ta buɗe wurin jinyar masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville, ta ba wani likita mai suna Ludwig Guttmann riƙonsa. Bayahude ne da ya gudo daga Jamus a 1939. Shi ya kafa doka a riƙa juya majinyaci kowace awa biyu, dare da rana, a kuma tsabtace hanyar fitsari. Daga nan ya tashe su daga gado ya sa su wasanni. Ran 29 ga Yuli 1948 mutum 16 suka yi gasar harbin baka a kan kekunansu a harabar asibitin, wannan kuwa shi ne tushen gasar naƙasassu ta duniya wadda aka fara a Roma a 1960. A Amurka ma sojojin da suka dawo daga yaƙi da shanyewar jiki sun kafa ƙungiyarsu a 1946.

Da wannan kulawa da kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta, mutumin da a da ba ya wuce wata guda, yanzu yakan yi shekara 30 ko 40 a kan kekensa. Sai kuma wata sabuwa ta fito. Da rai ya yi tsawo, sai ga ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya sun yi sallama. A 2007 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan mazan jiya kusan 8,000 masu ciwon laka, aka tarar fiye da rabinsu nauyinsu ya wuce kima.

Murhu ya ragu, itace bai ragu ba

Kada ku ɗauka haɗama ce ta jawo musu. Ga yadda abin yake.

Tsokar jikin mutum kamar murhu take, abinci kuwa shi ne itace. Manyan murahu su ne cinyoyi da ɗuwawu da ƙwauri. Ko mutum yana barci suna cin itace kaɗan kaɗan, in ya tashi yana tafiya su ci da yawa. Sa'ad da laka ta lalace, tsokar ƙafa ta daina motsi, sai ta soma tsotsewa. Cikin wata shida wata tsokar takan koma wajen rabin yadda take.

To, ki ɗauka gidan da ake hura murhu uku ne, aka kashe biyu, amma mai kawo itace bai rage ko ƙirare ɗaya ba. Ina itacen zai tafi? Sai ya taru a tsakar gida har a rasa wurin taka ƙafa. Haka abincin da jiki bai ƙona ba yake taruwa ya zama kitse, yawanci a ciki. Masu ilmi sun auna, sun ga abin da jikin mai ciwon laka ke ƙonawa yana hutawa ya gaza na mai lafiya da kashi 14 zuwa 27 cikin 100. Ga shi kuma ba tafiya, ba hawa, ba sauka.

A asibitin mazan jiya na Bronx, cikin birnin New York, an yi wani bincike mai ban sha'awa wanda aka buga a 2000. An samo tagwaye maza masu kama ɗaya har kashi 8, kowane kashi ɗaya yana da ciwon laka, ɗaya lafiyarsa lau. Uwa ɗaya, uba ɗaya, jini ɗaya. Da aka auna su, sai aka ga mai ciwon ya yi hasarar tsoka mai yawa, kuma hasarar tana ƙaruwa gwargwadon yawan shekarun da ya yi da ciwon.

Akwai wani abu kuma. Tsoka ce ke ɗauke mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci. In ta ragu, sukari ya rasa masauki, ya yi ta yawo cikin jini. Shi ya sa ciwon sukari ya fi saurin kama su.

Lissafi ga 'yan makaranta

Ku ɗauko alƙalami. Ƙarfin da abinci ke ba jiki, da kalori ake auna shi. Wani bincike na 1985, wanda aka daɗe ana aiki da shi, ya nuna mai shanyewar ƙafafu yana bukatar wajen kalori 28 a yini ga kowane kilo na nauyinsa, wanda hannuwansa ma suka shanye kuwa wajen 23. To, in mutum kilo 70 ne, nawa ke nan? Na farko 1,960, na biyu 1,610. Namiji mai kai da kawo da ƙafafunsa kuwa yakan bukaci wajen 2,500. Kun ga tazara. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Kwalbar lemon zaƙi guda wajen 150 ce. Ƙaramin cokali na sukari 16 ne. Kwalba ɗaya kullum ba ta zama komai ba a ido, amma yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Ga lissafi na biyu. Likitoci sukan raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Mutumin nan mai kilo 70, in tsawonsa mita 1.75 ne, sai a ce 1.75 sau 1.75, ya ba da 3.06. A raba 70 da 3.06, a sami kusan 23. Ga mai lafiya 23 daidai ne, gama sai an kai 25 ake cewa nauyi ya soma yawa, a 30 kuwa a ce ƙiba. Amma tsoka ta fi kitse nauyi. Wanda tsokarsa ta tsotse kitse ya maye gurbinta, ma'auni sai ya ce lafiya lau, alhali kuwa jikinsa cike yake da kitse. Saboda haka ƙa'idar da likitocin laka na Amurka suka fitar a 2018 ta ce ga irin waɗannan mutane daga 22 ake soma kiran abin ƙiba.

Abin da ƙiba ke ja musu

Mai ciwon laka da hannuwansa yake tafiya. Da su yake tura keke, da su yake ɗaga jikinsa daga gado zuwa keke, daga keke zuwa mota ko makewayi, sau da yawa a yini. Kafaɗa kuwa ba a halicce ta don aikin ƙafa ba. Kowane kilo da ya ƙaru, a kanta yake sauka. Ran da kafaɗa ta gaza, mutumin da ya yi shekaru yana yi wa kansa komai sai ya koma jiran a ɗaga shi. Wannan ya fi masa ciwo bisa ga komai.

Nauyi yana ƙara danne fata a kan ƙashi, keke ya matse shi a kwiɓi, gyambo ya sami hanya. Teɓa tana takura numfashi, musamman ga wanda raunin wuya ya riga ya raunana masa ƙirji. Ga kuma ita mai jinya. Matar da ke juya miji mai kilo 70, in ya kai 95 bayanta ne zai biya kuɗin.

Mai lafiya in ya yi ƙiba sai a ce masa ya yi ta tafiya. Wannan fa? Motsa hannuwa yana da amfani ƙwarai ga zuciya da ƙarfin jiki, amma ƙananan murahu ne, ba su cin itace da yawa. Ma'aikatar mazan jiya ta kafa shirin rage ƙiba mai suna MOVE! tun 2006, inda ake koya wa mutane auna abinci da lissafin kalori. Sai dai auna kowace loma da rubuta ta aiki ne, balle ga wanda yatsunsa ba su riƙe alƙalami, wanda kuma wani ne ke dafa masa. Nan ne dabarar agogo ta shiga ran likitoci, gama ba ta bukatar sikeli ko littafi ko kuɗi. Doka ɗaya ce: daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza.

Inda dabarar ta samo asali

Jikin mutum yana da agogonsa na ciki, wanda ke shirya hanta da hanji su karɓi abinci da rana, su huta da dare. Turawa uku da suka gano yadda agogon nan ke aiki sun sami kyautar Nobel a 2017.

A 2012 wani masani mai suna Satchin Panda, na Cibiyar Salk a Kalifoniya, ya raba ɓeraye kashi biyu, ya ba su abinci mai maiƙo. Kashi ɗaya suna ci duk sa'ad da suka ga dama, ɗaya kashin kuwa cikin awa 8 kaɗai. Yawan abin da suka ci ɗaya ne. Bayan kwana 100 da 'yan kai, masu cin awa 8 sun gaza 'yan'uwansu nauyi da kashi 28 cikin 100. A 2015 kuma ya sa mutane su riƙa ɗaukar hoton duk abin da za su kai baki, sai ya tarar fiye da rabinsu bakinsu yana motsi awa 15 ko fiye a kowace rana.

Amma mutum ba ɓera ba ne. Ga abin da aka gani da aka gwada a kan mutane.

A Shikago, a 2018, mutum 23 masu ƙiba sun ci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma har mako 12. Ba a hana su kowane irin abinci ba. Nauyinsu ya ragu da wajen kashi 3 cikin 100, aka kuma lura sun rage sama da kalori 300 a yini ba tare da sun yi lissafi ba.

A San Faransisko, a 2020, an gwada mutum 116. Masu ci daga 12 na rana zuwa 8 na dare sun rage ƙasa da kilo ɗaya cikin mako 12, kusan daidai da waɗanda ba a yanka wa lokaci ba. Cikin waɗanda aka auna jikinsu sosai kuma, fiye da rabin abin da ya zube tsoka ne da ruwan jiki. Waɗansu gwaje-gwajen ba su ga irin wannan hasara ba, amma ku riƙe maganar, za mu komo kanta.

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a 2022, mutum 139 duk an rage musu abinci shekara guda, rabinsu kuma aka ƙara musu da dokar ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma. Masu agogo sun rage kilo 8.0, marasa agogo 6.3, bambancin kuwa bai kai yadda masu lissafi za su ce agogon ne ya kawo shi ba.

A Shikago kuma, a 2023, an bi mutum 90 shekara guda. Masu bin agogo sun fi waɗanda ba su canza komai ba raguwa da kilo 4.6, masu lissafin kalori kuwa da kilo 5.4.

To, me muka koya? Agogo ba laya ba ne. Amfaninsa shi ne yana sa mutum ya ci kaɗan ba tare da wahalar lissafi ba, gama lomar dare da shayin tsakar dare da ɗan taɓa wannan da wancan duk sun faɗi. Ya kama ƙafar lissafin kalori, bai wuce shi ba. Wanda ya rama abin da ya rasa da cika akushi har baki, ya yi aikin banza. Akwai kuma alamar cewa gara a ci da wuri bisa ga a ci da dare: a 2018 a jihar Luwiziyana maza 8 da ciwon sukari ke shirin kamawa sun riƙa gama cin abincinsu kafin 3 na rana har mako 5, jininsu ya sauka, jikinsu ya ƙara karɓar insulin, ko da yake nauyinsu bai canza ba.

Inda za a yi hattara

Duk gwaje-gwajen nan a kan masu tafiya da ƙafafunsu aka yi su. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga abubuwa biyar da dole mai jinyar ciwon laka ta sani.

Na ɗaya, tsoka da fata. Ɗan abin da ya rage masa na tsoka a hannu da kafaɗa shi ne dukiyarsa, ba ya da wadda zai yi hasara. Saboda haka abin da za a rage shi ne zaƙi da maiƙo da yawan tsaba. Abinci mai gina jiki, irin su ƙwai da kifi da nama da wake da madara, ba a taɓa shi, a raba shi cikin kowane ci. Kullum yana bukatar wajen giram ɗaya na furotin ga kowane kilo na nauyinsa. In yana da gyambo kuwa, bukatar takan hau zuwa giram 1.25 har 1.5, watau wajen giram 90 zuwa 105 ga mai kilo 70, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai. Mai gyambo a buɗe, da wanda bai daɗe da jin rauni ba, da wanda ya rame, ba su da rabo a wannan dabara. Su ci su warke tukuna.

Na biyu, ruwa. Dokar agogo ba ta hana ruwa ba ko da tsakar dare. Mai ciwon laka in ya gaza shan ruwa, fitsari ya yi kauri, ƙwayoyin cuta da tsakuwa su sami wurin zama, bayan gida ya yi tauri. Likita ne zai faɗi adadin da zai sha, gama ya danganta ga yadda ake fitar masa da fitsari.

Na uku, bayan gida. Yawancinsu suna da lokaci ƙayyadadde na fitar da shi, kuma akan ɗaura lokacin ne da minti 20 ko 30 bayan cin abinci ko shan abu mai ɗumi, domin a sa'an nan ne hanji ke motsi. In aka matsar da lokacin ci ba a yi tunanin wannan ba, tsarin da aka yi watanni ana gyarawa sai ya rushe. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, cushewar hanji ko cikar mafitsara takan sa jininsa ya hau farat ɗaya. Alamunsa su ne matsanancin ciwon kai, da zufa da jan fata a sama da wurin raunin, da toshewar hanci. In kin ga haka, zaunar da shi a miƙe, kwance duk abin da ya matse shi, duba ko robar fitsari ta lanƙwashe, a nemi likita nan da nan. Abu ne mai iya kisa.

Na huɗu, magunguna. Wanda ke yin allurar insulin ko yake shan ƙwayoyin da ke tilasta wa jiki sauko da sukari, in ya yi awa 14 ko 16 bai ci ba, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Waɗansu magungunan ciwo kuma ba a shan su ciki wayam. Tilas likita ya daidaita magani da sabon lokaci tun kafin a fara.

Na biyar, jiri. Masu raunin wuya jininsu yakan yi ƙasa in an zaunar da su, ya kuma ƙara yin ƙasa bayan sun ci da yawa a zama ɗaya. Don haka ba a tara abincin yini a ɗura masa sau ɗaya. A raba shi uku cikin awoyin da aka yanka.

Yadda tsarin ke tafiya

Ba a faɗa wa abin gaba ɗaya. Mako na farko a duba kawai ƙarfe nawa yake fara ci, ƙarfe nawa yake gamawa, har da shayi mai sukari. Sa'an nan a tsaya a awa 12, kamar daga 8 na safe zuwa 8 na dare. In jiki ya karɓa, a sauko zuwa 10: karin kumallo ƙarfe 9, abincin rana wajen 2, na dare a gama kafin 7. Bayan wannan sai ruwa ko shayi ba sukari ba madara. Ganye da kayan lambu su cika rabin kwano. A riƙa duba fatarsa safe da yamma, a auna shi a kai a kai. Rabin kilo a mako ya isa, har ya yi yawa ga wani. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata za ta ce ai wannan azumi ne. A'a, sun bambanta. Mai azumi ba ya shan ruwa da rana, kuma da dare yake ci. Wannan kuwa da rana ake ci, dare ne ake hutawa, ruwa kuma ba a hana shi ba. Mai ciwon laka da ke son yin azumi, wannan magana ce dabam wadda zai yi da likitansa da malaminsa.

Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da namu. Akwai sojojinmu da suka dawo a kan keke daga faɗan arewa maso gabas da aka soma a 2009, ga kuma waɗanda haɗarin mota ya kwantar, gama shi ne kan gaba wajen jawo raunin laka a Nijeriya. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, yana karɓar irinsu. Da an sallame su kuwa, hannun mata suke komawa.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau. Mu mata, tausayinmu a kwano yake fita. In mun ga mutum ya rasa ƙafafunsa, sai mu ce me ya rage masa in ba ɗan abin da zai ci ba? Uwa ta kawo fura da sukari, mata ta kawo tuwo malmala uku kamar sa'ad da yake zuwa gona, abokai su zo hira da dare da tsire da lemon kwalba. Kowa da kyakkyawar niyya. Bayan shekara biyu keke ya yi masa kaɗan, kafaɗa ta soma ciwo, ke kuma bayanki ya riƙe.

Kada kuma ki zama ɗan sanda a kansa. Babban mutum ne, ƙafafunsa ne suka shanye, hankalinsa na nan. Mutumin da aka riga aka karɓe masa abubuwa da yawa, in kika karɓe masa akushi da ƙarfi, kin ƙara masa wani ciwon. Ki zauna da shi ki ce, "Maigida, ga abin da na karanta, me ka gani?" Ku tafi wurin likita tare. In ya yarda, shi zai zaɓi awoyin. Sa'an nan gida duka a bi shi, gama ba a soya nama ƙarfe 10 na dare a gaban wanda ya rufe akushinsa tun magariba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ki lura kuma, yawancin cin dare ba yunwa ke kawo shi ba. Kaɗaici ne da rashin barci da zugin jiki. Masu zuwa gaisuwa ki roƙe su su zo da hira da labari da dara, su tura shi a keke ya sha iska a ƙofar gida. In lalle sai sun riƙo wani abu, to, ƙwai ko kifi ko gwanda, a ajiye sai gobe da hantsi.

Ku kuma 'yan makaranta, in akwai irin wannan majinyaci a gidanku, ku ne masu alƙalami. Ku buɗe masa ɗan littafi, ku riƙa rubuta lokacin ci da na shan magani da na bayan gida da nauyinsa, a tafi da shi asibiti ranar ganin likita. Littafin nan zai gaya wa likita abin da baki zai manta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Wadda ke da tambaya ta rubuto wa wannan fili. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Taku,
Uwargida